Yadda ake shirya dokin tseren keke don gasa a ƙasar waje

A Lome, kamar a Yamai da Wagadugu da Abijan, ana nuna tseren dawakin Faransa kusan kullum a allon talabijin na shagunan PMU, wanda a Togo yake ƙarƙashin hukumar LONATO da aka kafa a 1966. Wani babban kaso na waɗannan tsere-tsere na dawaki ne masu jan ƙaramin keke mai taya biyu, abin da Faransawa ke kira trot attelé. Malamai sun daɗe suna gargaɗi a kan cacar da ke tattare da allon, amma a unguwa irin Zongo, inda zuriyar fataken shanu da masu kiwon doki suke, akwai masu tsayawa kallo saboda dabbar kanta. Sau da yawa akan ga tutar Suwidin ko Italiya ko Amurka a gefen sunan wani doki. Kafin dokin ya tsaya a wannan fili an yi watanni ana shirya shi, kuma yawancin abin da ake yi masa yana da amfani ga wanda zai ɗauko doki daga Maraɗi ko Sakkwato ya kawo bakin teku.

Menene tseren keke

A tseren da Hausawa suka sani, mahayi yana kan sirdi, doki kuma yana sukuwa. A tseren keke sukuwa laifi ce. Doki zai yi sassarfa ne tun daga farko har ƙarshe, wato ƙafar gaba ta dama da ta baya ta hagu su tashi tare, sannan ɗaya biyun su biyo. Direba yana zaune a baya kan keke mara nauyi da ake kira sulky, yana riƙe da doguwar igiyar linzami. A Faransa, dokin da ya ɓalle da sukuwa ya wuce adadin takun da doka ta yarda, alƙalai kan fitar da shi nan take. A Amurka da Ostareliya akwai wani taku na biyu, inda ƙafafun gefe ɗaya ke tashi tare kamar tafiyar raƙumi, amma a manyan gasannin Turai sassarfa kaɗai ake yi.

Gwanayen dawaki kan ci kilomita ɗaya cikin kimanin minti 1 da daƙiƙa 11 a doguwar gasa, wato sama da kilomita 50 a awa, ba tare da sun karya taku ba. Iri biyu ne suka mamaye wannan wasa: Trotteur français, wanda asalinsa yankin Normandi ne, da Standardbred na Amurka. Dawakin Suwidin da Italiya galibi jinin waɗannan biyun ne.

Filayen da ake ƙetare iyaka dominsu

Gasar da ta fi suna ita ce Prix d'Amérique, wadda aka fara a 1920 don tunawa da taimakon da Amurka ta ba Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ana yin ta a filin Vincennes na birnin Paris ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu, a kan mita 2,700, da dawaki 18 in sun yi yawa. Kuɗin gasar yuro miliyan ɗaya ne, kusan Sefa miliyan 656. Doki mai suna Ourasi ya lashe ta sau huɗu, a 1986, 1987, 1988 da 1990.

Ta biyu ita ce Elitloppet, a filin Solvalla da ke Stockholm, wadda aka fara a 1952. Ana yin ta a ƙarshen watan Mayu a kan mita 1,609, kuma sai da gayyata ake shiga. Doki zai yi gudun share fage, in ya tsallake ya sake yin na ƙarshe a wannan yinin. Italiya tana da Gran Premio Lotteria a filin Agnano na Napoli. Amurka tana da Hambletonian, wadda aka fara a 1926 don dawaki 'yan shekara uku, kuma tun 1981 ake yin ta a filin Meadowlands.

Dawakin da suka yi nasara a gida da waje ba su da yawa, shi ya sa ake riƙe sunayensu. Goɗiyar Amurka Moni Maker ta lashe Elitloppet a 1998 da Prix d'Amérique a 1999. Varenne na Italiya ya lashe gasannin biyu a 2001, ya maimaita a 2002, ya kuma je Meadowlands ya ci Breeders Crown a 2001. Bold Eagle na Faransa, wanda ya ci Prix d'Amérique a 2016 da 2017, ya ƙetare teku ya ci Breeders Crown a Kanada a 2019.

Zaɓen doki da zaɓen gasa

Mai horo yana fara duba ƙa'idar shiga. Prix d'Amérique ba ta karɓar dandaƙaƙƙen doki, sai ingarma da goɗiya, domin manufarta zaɓen iri. Ana samun gurbi ta hanyar zuwa a sahun gaba a gasannin share fage na hunturu, irin su Prix de Bretagne, Prix du Bourbonnais, Prix de Bourgogne da Prix de Belgique, sauran guraben kuma a cike su bisa yawan kuɗin da doki ya ci a rayuwarsa. Saboda haka baƙon doki kan iso Faransa tun Nuwamba ko Disamba, ya zauna har Janairu.

Sai kuma siffar fili. Babban zagayen Vincennes ya kusa mita 2,000, an shimfiɗa masa baƙin tokar gawayi, yana da gangara da hawa. Dokin da bai da dogon numfashi, a hawan nan yake sarewa. Solvalla kuwa zagayen mita 1,000 ne, shimfiɗaɗɗe, kwanoninsa sun fi matsewa, don haka dokin da ke tashi da sauri ya kama gefen ciki shi ke da rinjaye. Yadda ake tashi ma ya bambanta. A Prix d'Amérique dawaki kan shigo fili su juya tare sannan a sake su, abin da ke rikita baƙo har ya ɓalle da sukuwa. A Elitloppet da Amurka, mota ce mai fukafukai biyu ke tafe a gaba, dawaki na biye da ita, sai ta naɗe fukafukan ta ba su hanya. Dokin da zai sauya ƙasa dole a koya masa tashin da bai saba ba tun yana gida.

Horo

Shirin yakan ɗauki watanni. Kashin bayansa shi ne doguwar sassarfa a hankali, wadda ke gina zuciya da jijiyoyi, sai gudu mai ƙarfi kamar sau biyu a mako. Masu horo a Suwidin da Faransa sun fi son gudu a yanka-yanka: doki ya yi 'yan ɗaruruwan mita da ƙarfi a miƙaƙƙiyar hanya ko a tudu mai yashi, ya huta da tafiya, ya sake. Ana ɗaura masa na'urar auna bugun zuciya, a kuma duba yadda bugun ke sauka bayan gudu. Lafiyayyen doki a hutu zuciyarsa na bugawa tsakanin sau 28 zuwa 44 a minti, zafin jikinsa kuma tsakanin 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Selshiyos. Mai kula da barga yakan rubuta waɗannan kullum, domin a san abin da yake daidai ga wannan dokin kafin a yi tafiya.

Wanda zai je Elitloppet ana saba masa da gudu biyu a yini ɗaya. A 2017 Bold Eagle ya ci gudun share fage da saurin da ya ba kowa mamaki, amma da aka zo na ƙarshe ƙarfinsa bai dawo ba, ɗan ƙasarsa Timoko ya lashe. Gudu mai tsanani na ƙarshe ana yin sa kwanaki kafin a shiga mota, domin doki mai gajiya shi ne ya fi saurin kamuwa da ciwo a hanya.

Takardu da gwajin jini

Kowane dokin gasa a Turai yana da fasfo mai zanen alamun jikinsa, da ƙaramar na'urar shaida da aka dasa masa a wuya. A cikin fasfon ake rubuta allurar riga-kafin murar dawaki, kuma in kwanakin allurar ba su dace da ƙa'idar ƙasar da za a je ba, ba za a bar shi ya shiga fili ba. Hukumar tsere ta ƙasarsa tana aika wa takwararta shaidar asalinsa da tarihin gudunsa da kuɗin da ya ci. A Turai ƙungiyar UET, da aka kafa a 1973, ita ke daidaita waɗannan ƙa'idoji tsakanin ƙasashe.

Tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai takardar lafiya daga likitan dabbobi na hukuma ta wadatar. Ƙetare teku ya fi wuya. Dokin Turai da ya sauka a Amurka ana killace shi kamar kwana uku, a gwada jininsa don cututtuka huɗu, ciki har da ciwon da kaska ke sawa a jini da kuma cutar ƙarancin jini mai yaɗuwa. Doki na iya ɗauke da ciwon kaska ba tare da ya nuna alama ba, shi ya sa masu hankali kan yi gwajin a gida tun kafin su sayi tikiti.

Tarihin jinyar doki ma yana bin sa. Propulsion, wanda aka haifa a Amurka aka kai shi Suwidin, ya zo na ɗaya a Elitloppet a 2020. Bayan gasar aka tabbatar cewa tun yana Amurka an yanke masa jijiyar jin zafi a ƙafa, aikin da dokar tseren Suwidin ta haramta wa dokin gasa. Aka ƙwace nasarar aka ba Cokstile wanda ya zo na biyu.

A mota da a jirgi

Daga Paris zuwa Stockholm ya fi kilomita 1,800 ta hanyar mota, don haka wasu kan raba tafiyar kwana biyu ko uku, wasu su hau jirgin sama. A jirgin kaya ana sa dawaki cikin akwatin ƙarfe mai ɗaukar uku, mai kuɗi kuma ya biya a ba nasa wurin biyu ko akwatin gaba ɗaya. Filin jirgin Liège na Beljiyam yana daga cikin manyan tashoshin wannan sufuri. Mai kula da doki yana tafiya tare da shi, da ciyawa da ruwa.

Babban haɗarin doguwar tafiya shi ne ciwon huhu. Doki yana tsabtace maƙogwaronsa ne ta hanyar sunkuyar da kai ƙasa. In aka ɗaure shi kai a sama na awoyi masu yawa, cikin ƙura da warin fitsari, ƙwayoyin cuta kan gangara huhu, zazzaɓi ya biyo bayan kwana ɗaya zuwa uku. Saboda haka ake sassauta ragama, a jiƙa ciyawa don ƙura ta kwanta, a buɗe wa iska hanya, a riƙa tsayawa ana ba shi ruwa. Ana auna nauyinsa kafin tafiya da bayanta, domin doki kan rage kilo da dama a hanya, yawanci ruwan jiki. Bayan isowa ana auna zafin jikinsa safe da yamma na wasu kwanaki, a fara da tafiya a hannu kafin a mayar masa da keke.

Masu horo sun rabu biyu kan lokacin isa. Wasu kan iso ana jibi gasa, su gudu su koma kafin sauyin wuri ya taɓa dokin. Wasu kan iso da makonni don ya saba. Baƙin da ke zuwa hunturun Vincennes da yawa kan sauka a Grosbois, sansanin horo mai faɗin eka sama da 1,000 a kudu maso gabashin Paris, inda dawaki kusan 1,500 ke zama a lokacin sanyi.

Ci da sha

Cikin doki ba ya son sauyi na farat ɗaya. Sabon hatsi ko sabuwar ciyawa na iya jawo ciwon ciki mai kisa, shi ya sa ake tafiya da abincin gida, ko a fara gauraya masa na can tun makonni kafin tashi. Doki yana shan lita 20 zuwa 40 a yini, fiye da haka in ana zafi, amma yakan ƙi ruwan da ɗanɗanonsa ya sauya. Dabarar ita ce a saba masa da ruwa mai ɗan zaƙi tun a gida, sai a sa wa ruwan baƙon wuri irin wannan zaƙin.

Labarin da aka fi bayarwa a wannan babi na Jamin ne, dokin Faransa da ya ci Prix d'Amérique a 1958 da 1959. Da aka kai shi New York a 1959 don gasar International Trot ta farko a filin Roosevelt, jami'an Amurka suka riƙe wani kayan lambu da ya saba ci, wanda Faransawa ke kira artichaut. Jaridu suka yi ta shela, aka ɗauko masa wani ta jirgin sama daga Kalifoniya, ya ci, ya kuma lashe gasar.

Kofato, bulala da magani

Masu duba takardar tseren Faransa sun san alamar D4, wadda ke nufin an cire wa doki takalman ƙarfe duka huɗu. Doki mara takalmi yakan fi sauri, amma kofatonsa na cinyewa, don haka ana ajiye wannan dabara sai babbar rana, kuma a Faransa dole a sanar tun kafin gasa. Fili mai tauri ba ya karɓar abin da mai laushi ke karɓa, shi ya sa manyan barguna kan tafi da maƙerinsu.

Dokar bulala ta bambanta: Norwe ta hana ta a tseren keke tun 1982, Suwidin ta tsananta tata, direban da ya zo da al'adar gida kuma yakan sha tara ko dakatarwa. Magani ya fi haɗari. A wurare da dama na Amurka an yarda a ba doki maganin furosemide ranar gasa don hana zubar jini a huhu, a Turai kuwa haramun ne. Likita yana lissafa kwanakin da kowane magani zai ɗauka kafin ya fita daga jini, a dakatar da shi a kan kari.

Abin da ya tare dokin Afirka ta Yamma

Ba a yin tseren keke a ƙasar Hausa. Filayen sukuwa na Kano da Katsina da Yamai da Maraɗi na mahaya ne a kan sirdi, da dawakin Arewa da na jinin Sudan. A nahiyar, Aljeriya ce aka fi sani da tseren sassarfa. Amma ko da wani attajiri ya horar da gwanin doki a Lome ko Kano, akwai shingen da ya fi kuɗi ƙarfi, wato annobar dawaki ta Afirka, wadda Faransawa ke kira peste équine.

Ƙwayar cutar iri tara ce, kuma ƙyashi mai cizo da magariba da asuba ke yaɗa ta. Alamunta zazzaɓi, kumburi a ramin saman ido, wahalar numfashi da kumfa a hanci. A cikin dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe tara cikin goma. A 1987 ta shiga Sifaniya ta hanyar jakunan dawa da aka kawo daga Namibiya, ta bazu zuwa Fotugal da Maroko, aka yi shekaru ana fama. A 2020 ta ɓulla a Tailan. Saboda wannan, Tarayyar Turai ba ta karɓar doki kai tsaye daga ƙasashen Afirka ta Yamma, Amurka kuma tana killace dokin da ya fito daga ƙasar da ke da cutar har kwana 60. Afirka ta Kudu, duk da ƙarfin harkar tserenta, ta yi sama da shekara goma dawakinta suna bi ta tsibirin Morishiyos su zauna kwana 90 kafin su shiga Turai, har zuwa 2024 da aka sake buɗe mata hanya. Dokin da ya yi wata biyu ko uku a killace ya rasa horonsa. Shi ya sa zirga-zirgar ta zama ta gefe ɗaya: dawakin folo na Ajantina suna shigowa Kaduna da Legas, na nan kuwa ba sa fita.

Daga Sahel zuwa Zongon Lome

Ƙetare iyakar da ta shafi Hausawan Togo ita ce ta cikin yanki. Zongon Lome, wanda hukumomi suka tayar daga tsakiyar birni a 1977 suka mayar kusan kilomita 15 arewa, a wajen Agoè da Togblékopé, ya ginu ne a kan fataucin dabbobi daga arewa, kamar yadda Michel Agier ya bayyana a littafinsa na 1983 a kan 'yan kasuwar unguwar. Dawakin hawan salla da na bukukuwa suna bin hanyar da shanu ke bi, daga Cinkassé zuwa Dapaong, Mango, Kara, Sokodé da Atakpamé, kusan kilomita 650 kafin Lome. A Sokodé, inda mahayan Tem ke nuna bajinta a bikin Gadao-Adossa, doki yana da daraja irin ta ƙasar Hausa.

Tun zamanin da, kudu kabarin doki ne saboda ƙudan tsando da ke sa sammore, har daular Oyo ta dogara da sayo sababbin dawaki daga arewa don sojojinta. Yau akwai magani, amma haɗarin bai gushe ba. Murar dawaki da ta ratsa Sakkwato da Nijar har Senegal a 2018 da 2019 ta kashe dubban jakuna, kuma kasuwanni da manyan hanyoyi ne suka yaɗa ta.

Matakan da ake bi wa dokin Vincennes suna aiki a nan da kuɗi kaɗan. A nemi takardar lafiya daga likitan dabbobi na hukuma kafin a kai ga iyaka, tare da shaidar riga-kafi. A yi tafiya da sanyin safiya ko da dare, a shimfiɗa yashi ko ciyawa a ƙasan mota, a bar ragama da tsawon da doki zai sunkuya. A ɗauko harawa da dusa da geron da ya saba na aƙalla mako biyu, a ajiye su sama da ƙasa, domin laimar Lome tana sa harawa fumfuna da wuri, fumfuna kuma tana taɓa huhu da ciki. Kada a zuba masa abinci a kan yashi, don yashin da ya haɗiya yakan taru a hanji. Sabon doki a ɗaure shi nesa da na gida na mako biyu zuwa uku, da bokitinsa daban, ana auna zafin jikinsa kullum. A damunar kudancin Togo, daga Afrilu zuwa Yuli da kuma Satumba zuwa Oktoba, a shigar da shi barga kafin magariba, kada a fito da shi sai rana ta ɗaga, a cire masa kaska, a kuma tabbatar turkensa a bushe yake don kada kofato ya ruɓe. Sukuwa kuwa sai ya huta, ya ci, ya sha, nauyinsa ya dawo yadda ya baro gida.